Muhawara: Daren da aka yi wa Coventry ruwan wuta, wa ya fi ɗanɗana kuɗarsa?

Malam Habu: Assalamu alaikum jama'ar zaure. Makon jiya da muka taɓo Yaƙin Duniya na Biyu, maganar duk ta ƙare a kan Hitila da Churchill, Firaministan Birtaniya, da janar-janar. Yau ina so mu dubi mutumin da ke sammako ya tafi masana'anta. Na ɗauki birnin Coventry da ke tsakiyar Ingila. Garin maƙera ne: kekuna, babura, motoci, injinan yanka ƙarfe. Da yaƙi ya ƙarato, kamfanoni irin su Daimler da Standard da Armstrong Siddeley suka koma haɗa injinan jiragen sama da kayan soja. A daren 14 ga Nuwamba 1940 jiragen Jamus wajen 500 suka yi wa garin ruwan bama-bamai tun daga bayan ƙarfe bakwai na yamma har wayewar gari, kusan awa 11. An tabbatar da mutuwar mutum 568, gidaje sama da 4,000 suka rushe, kusan kashi biyu cikin uku na gine-ginen garin suka taɓu. Ra'ayina shi ne ma'aikaci ya fi kowa ɗanɗana kuɗarsa, kuma babbar wahalarsa da safe ta fara, bayan jiragen sun koma gida. Wanda yake da ja, ga fili ga mai doki.

Alhaji Sabo: Wa alaikumus salam. Malam, ni fa ban yarda ba. Abin da ke faɗowa daga sama ba ya zaɓe. A Satumbar 1940 an jefa bam a fadar Buckingham, sarki da matarsa suna ciki. Idan gidan sarki bai tsira ba, ina maganar bambancin talaka da mai kuɗi? Kowa ya sha, mu bar raba kan mutanen da masifa ta haɗa.

Nura a Coventry: Baba Alhaji, Allah ya ƙara girma, bari in sa baki tunda a garin nake karatu. Idan ka zaga tsofaffin unguwanni irin su Hillfields da Foleshill da Radford za ka gane abin da Malam yake nufi. Layi ne na ƙananan gidajen bulo manne da juna, bango ɗaya tsakaninka da maƙwabci, kana kaiwa ƙarshen layin sai ka ci karo da inda katangar masana'anta take a da. Ba a ware wajen aiki daban da wajen kwana ba. Babbar masana'antar Daimler a cikin Radford take, gidajen ma'aikatanta kewaye da ita. To wanda ya auna masana'anta daga sama cikin dare, a kan wa kuskurensa zai sauka? Mai hali yana bayan gari ko yana ƙauye, da lambu da fili.

Hajiya Rabi: Nura ɗana, ka yi magana. Duk wanda ya san Kakuri lokacin da masaƙun Kaduna ke aiki ya san wannan zaman. Jiniyar kamfani ita ce agogonka, daga ɗakinka kana jin ƙarar inji. Ma'aikaci ba ya nisa da wajen aiki, don kuɗin mota ma abin lissafi ne.

Alhaji Sabo: Na ji ku. Amma ai gwamnati ta raba wa mutane maɓoya, kuma talaka kyauta aka ba shi.

Malam Habu: Haka ne Alhaji, an raba, sai dai mu duba yadda abin yake. Ana kiranta maɓoyar Anderson, sunan ministan da aka ɗora wa aikin. Kwanon rufi ne mai kauri da aka lanƙwasa, a haƙa rami kamar ƙafa huɗu a bayan gida a kafa shi, a bi samansa da ƙasa. Mutum shida take ɗauka. Wanda abin da yake samu a shekara bai kai fam 250 ba kyauta ake ba shi, saura su biya fam 7. To amma sai kana da fili a bayan gida. Wanda ke haya a ɗaki ɗaya, ko yake cikin tsohon gida a lungun tsakiyar gari, a ina zai haƙa? Irin waɗannan aka gina musu maɓoyar bulo a kan titi, ta gama-gari. Wasu daga ciki an gina su lokacin ƙarancin siminti, girgizar bam kaɗai tana iya kwantar da bangon, rufin kankare ya danne na ciki. Mutane suka gane, suka riƙa gudunsu, suna gwammace ƙarƙashin matakalar bene.

Ita ma ta Anderson ɗin ba daɗi ne da ita ba. Watan Nuwamba a Ingila sanyi ne da ruwa. Ramin yakan tara ruwa, sai an kwashe da bokiti kafin a shigar da yara. Ka kwana zaune cikin danshi, ƙarfe shida ka miƙe ka kama hanyar aiki.

Maryam Maraɗi: Malam, ni abin da ya tsaya mini a rai shi ne maganar da ka yi cewa wahalar da safe ta fara. Wace wahala ce ta fi daren da ake ta mutuwa?

Malam Habu: 'Yar'uwa, ba wai daren ƙarami ba ne. Jiragen farko bama-bamai masu kunna wuta suka zuba don su haska wa na baya, ga farin wata tar. Aka fasa manyan bututun ruwa, 'yan kwana-kwana suna tsaye da tiyo babu ruwa, gari yana ci. Amma wanda ya rayu, ga abin da ya tarar da safe: babu ruwan famfo, babu lantarki, babu iskar gas ɗin da ake girki da ita, babu waya. Shagunan tsakiyar gari sun ƙone, ga katin rabon abinci a hannu amma ba inda za a kai shi. Bututun ƙazanta ya fashe, hukuma ta ce duk ruwan da za a sha sai an tafasa saboda tsoron taifot, alhali abin tafasawar ma babu. Taragon lantarki da ke kai ma'aikata aiki layinsa ya lalace a daren, kuma tun daga ranar bai sake tafiya a Coventry ba.

Sannan gwamnati ta yi shirin mutuwa fiye da shirin rayuwa. Kafin yaƙi masu tsare-tsare sun ƙiyasta cewa bam zai kashe mutum 600,000 a cikin kwana 60 na farko. Aka tanadi akwatunan gawa da gadajen asibiti. Abin da ya zo ya saɓa da haka: fararen hular da harin sama ya kashe a Birtaniya duk tsawon yaƙin wajen 60,000 ne, amma waɗanda suka rasa muhalli sun ninka haka sau da yawa. Wuraren da aka tanada musu makarantu ne da ɗakunan taron coci, da tunanin mutum zai sha shayi ya huta awa kaɗan ya tafi. Ya tafi ina? Mai kuɗi yana da otal, yana da ɗan'uwa mai babban gida a ƙauye. Lebura duk danginsa a layi ɗaya suke, bam ɗin da ya rushe nasa shi ya rushe nasu.

Nura a Coventry: Abin da tsofaffin garin suka fi ba da labari shi ne fita kwanan daji. Da la'asar ta yi sai ka ga mutane dubbai a kan hanya, mata na tura keken jarirai da barguna a kai, ana fita bayan gari. Wasu su kwana a rumbun manoma, wasu a coci, wasu gindin shinge a cikin wannan sanyin. Da asuba mazan su tako su dawo aiki. Kuma fitar ma ba tabbas ba ce. Mako ɗaya bayan babban harin, ranar 21 ga Nuwamba, wani bam mai saukowa da laima ya faɗa garin Kenilworth da ke kusa, ya kashe mutum sama da 20, a cikinsu har da mutanen Coventry da suka je neman mafaka.

Maryam Maraɗi: Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. To gawarwakin fa, yaya aka yi da su?

Nura a Coventry: Anti Maryam, kabarin bai-ɗaya aka yi a maƙabartar London Road. Ranar 20 ga Nuwamba aka binne mutum 172 a dogon rami, bayan kwana uku aka ƙara 250. Da yawa ba a iya gane su ba. Dangi suka jeru suna wucewa ta bakin ramin suna ajiye furanni, ba wanda ya san daidai inda nasa yake kwance. Da aka sake kawo hari a ranakun 8 da 10 ga Afrilu 1941, wanda ya kashe wajen mutum 450 har ya faɗa wa babban asibitin garin, a nan aka ƙara binne wasu. Yanzu akwai farin bango a wurin da sunaye sama da 800. Idan kana karantawa za ka ga sunan gida ɗaya ya jeru sau uku, sau huɗu.

Injiniya Bashir: Allah ya kyauta. Amma jama'a mu faɗi gaskiya ko da ɗaci. Coventry ba garin manoma ba ne, rumbun makamai ne. Duk sojan da ke yaƙi da Birtaniya dole idonsa ya kai can. Kuma ni abin da ya fi burge ni shi ne harin bai cim ma burinsa ba. Inji mai nauyi ba ya mutuwa da sauƙi. Rufi zai tashi, tagogi su farfashe, amma injin yanka ƙarfe yana nan, a share shi a rufa masa tamfol a ci gaba. Abin da ya fi tsayar da aiki rashin wuta da ruwa da gas ne, kuma da aka gyara su, cikin 'yan makonni masana'antu da yawa suka dawo. Kamfanin baburan Triumph da masana'antarsa ta tsakiyar gari ta ƙone, ya kwashe abin da ya rage ya koma garin Warwick na ɗan lokaci, zuwa 1942 ya buɗe sabuwa a Meriden, duk kusa da Coventry. Wannan kishin ƙasa ne, ma'aikatan nan jarumai ne.

Hajiya Rabi: Injiniya, ba na musun jarumtarsu. Amma kai inji kake kallo, ni mai tsayawa a gaban injin nake kallo. Na yi aikin dare shekaru, na san yadda ƙarfe uku na dare take a jikin mutum. Ido yana rufewa da kansa, hannu yana kusa da abin da zai iya cire shi. To wannan ni da na kwana a gadona da rana kenan. Ina ga wanda ya yi awa goma sha biyu a tsaye, ya fito ya taka zuwa ƙauye, ya kwana a ƙasa, ya tako ya dawo? Ka ce kishin ƙasa ne ya dawo da shi. Wataƙila da shi. Amma mai gidan haya yana jira, yara suna jira. Wanda bai je aiki ba ranar Juma'a ba shi da ambulan ɗin albashi. Kada mu ɗauki dole mu sa mata rigar ado.

Malam Habu: Hajiya ta taɓo inda ke ciwo. Bayan an kwashe sojojin Birtaniya daga garin Dunkirk na Faransa a tsakiyar 1940, lokacin da Jamus ta ci ƙarfinsu, masana'antun jirage suka koma aikin awa sittin zuwa saba'in a mako. Da farko in jiniya ta yi kuka kowa zai bar aiki ya shiga maɓoya. Sai aka ga ana asarar lokaci, aka ɗora masu gadi a kan rufi, aka ce a ci gaba da aiki har sai sun hango jirage sun matso. Daga Janairun 1941 aka wajabta wa maza gadin gobara, har awa 48 a wata, a kan aikinsu na kullum: ka kwana a rufin masana'anta da bokitin yashi da ɗan famfon hannu kana jiran bam mai wuta. A Maris 1941 ministan ƙwadago Ernest Bevin ya kawo dokar da ta hana ma'aikacin muhimmiyar masana'anta barin aiki sai da izinin hukuma, kuma mai yawan fashi ana iya gurfanar da shi.

Injiniya Bashir: Malam ka faɗi rabi. Dokar nan ta kuma hana mai kamfani korar ma'aikaci yadda ya ga dama, ta tabbatar masa da albashin mako. Shi Bevin ɗin ai shugaban ƙungiyar ƙwadago ne kafin ya zama minista. Kuma Coventry na cikin garuruwan da suka fi biyan albashi mai tsoka a Ingila, shi ya sa mutane suka yi ta kwarara can daga Wales da Scotland da Ireland tun shekarun 1930. Ƙungiyoyin ƙwadago ma a lokacin yaƙin suka yi ƙarfi a garin. Ba bayi ba ne.

Hajiya Rabi: Ban ce bayi ba ne, ɗana. Na ce kuɗi a aljihu ba ya zama rufi a ka. Kuma waɗannan baƙin da ka lissafa su ne ma suka fi shiga uku, don ɗakin haya suke, ba su da kowa a ƙauyukan kewaye.

Maryam Maraɗi: Har yanzu ba wanda ya yi maganar mata sosai. Ni a ganina su suka ɗauki kaya biyu.

Malam Habu: Gaskiyarki. Mata da yawa suna cikin masana'antun tun kafin a tilasta, kuma a Disambar 1941 aka yi dokar kiran 'yan mata marasa aure masu shekara 20 zuwa 30 aikin ƙasa. Albashinsu bai kai na maza ba. Matar aure kuma ta tashi daga aiki ta shiga layin nama da katin rabo, ta ɗebo ruwa daga motar tanki, ta nemo inda za ta dafa, ta san inda yara za su kwana. Sannan ga zaɓin da ya fi komai ciwo: ta tura yaranta ƙauye hannun mutanen da ba ta taɓa gani ba, da takardar suna maƙale a rigarsu, ko ta riƙe su a gabanta ƙarƙashin bam. Matan sa-kai ne suka riƙa zagayawa da motocin shayi da miya a kwanakin farko, su suka riƙe garin kafin hukuma ta farfaɗo.

Wata ƙungiyar masu nazarin jama'a mai suna Mass-Observation ta aika mutanenta garin washegari. Rahotonsu ya nuna firgici da ruɗewa fiye da abin da suka gani a duk sauran wurare cikin wata biyu na hare-hare. Jaridu kuwa hoton Sarki George na Shida suka fi bugawa, lokacin da ya zo ranar 16 ga wata ya tsaya cikin kangon babbar majami'ar garin.

Alhaji Sabo: To Malam, na sassauto kaɗan a kan maganar muhalli. Amma har yanzu ina ganin masifar ta haɗa kansu, ba ta raba ba.

Nura a Coventry: Baba, ta haɗa a wani wuri, ta tone a wani wuri. A Landan da farko gwamnati ta hana mutane kwana a tashoshin jirgin ƙarƙashin ƙasa, talakawa suka sayi tikiti suka shiga suka ƙi fita, dole aka ƙyale su. A Satumbar 1940 mutanen unguwar Stepney suka yi ayari suka kutsa maɓoyar otal ɗin Savoy, don a ga irin wurin da masu kuɗi ke kwana da irin nasu. Waɗannan mutanen ne a 1945 suka kayar da jam'iyyar Churchill a zaɓe suka ɗora Labour, wadda ta kawo asibiti kyauta a 1948 da gina gidajen gwamnati.

Ɗanjuma Jos: Salam. Ina ta karantawa ban ce komai ba, amma akwai igiyar da ta ɗauro wannan labari har ƙofar gidanmu. Da Japan ta ƙwace Malaya, wadda yanzu take cikin ƙasar Malesiya, a farkon 1942, Birtaniya ta rasa babbar hanyarta ta samun kuza. Sai aka juyo kan Filato. Daga 1942 zuwa 1944 aka yi ta ɗibar mutane da ƙarfi daga lardunan Arewa ana kawo su haƙar kuza. Mutumin da ya saba da zafin Sakkwato ko Katsina aka kawo shi sanyin Jos ba bargo, ba isasshen abinci. Da yawa sun mutu, da yawa sun gudu. Masana'antun yaƙin Ingila da ƙarfen suka ci gaba da aiki. Ina tausayin ma'aikacin Coventry da zuciya ɗaya, amma shi an rubuta sunansa a bango.

Hajiya Rabi: Allah ya jiƙan magabata. Wannan ya cancanci a ware masa rana guda, Ɗanjuma.

Injiniya Bashir: Ina goyon baya. Amma kafin mu tashi, Malam, ka ce ma'aikaci ya fi shan wuya ne don gidansa yana jikin masana'anta. Ke nan kuskuren saiti ne, ba niyya ba. A nan nake tsaye.

Malam Habu: Injiniya, ko da za a yi gardama a kan Coventry, abin da ya biyo baya ba kuskure ba ne. Gwamnatin Birtaniya ta sa masana suka yi nazarin yadda hare-haren Jamus suka shafi mutanen biranen Hull da Birmingham na Ingila. A ƙarshen Maris 1942 mai ba Churchill shawara kan kimiyya, Lord Cherwell, ya rubuta masa takarda cewa rasa gida yana karya zuciyar mutum matuƙa, don haka a rushe gidajen mazauna manyan biranen Jamus. Masanan da suka yi binciken ba su ga alamar cewa mutanen Hull da Birmingham sun karaya ba, amma aka bi shawarar. Unguwannin ma'aikata aka fi so, saboda gidajensu a cunkushe suke, wuta ta fi saurin ci. A ƙarshen Yulin 1943 aka yi wa Hamburg, aka kashe kusan mutum 40,000 cikin kwanaki kaɗan, mafi yawa a unguwannin leburori irin su Hammerbrook da Rothenburgsort, inda kafin 1933 da yawa jam'iyyun da ke adawa da Hitila suke zaɓa. Wannan a rubuce aka tsara shi.

Injiniya Bashir: Na yarda an tsara. Abin da ban yarda ba shi ne a ce akwai wata hanyar da ta rage wa Birtaniya a 1942. Jirginsu ba ya iya samun masana'anta guda cikin dare, gari kawai yake iya gani. Ko dai su bar Hitila ya yi ta ƙera makamai, ko su yi abin da suka yi.

Maryam Maraɗi: Yaya Bashir, wannan hujjar ita ce matuƙin jirgin Jamus zai kawo a kan Coventry. In ka karɓa daga ɗaya, da me za ka ƙi ta ɗayan?

Injiniya Bashir: Da wanda ya fara yaƙin, da abin da yake yi a Poland a lokacin. Ba ɗaya suke ba, Maryam.

Malam Habu: To a nan muka rabu, kuma ba za mu warware ta yau ba. Ɗanjuma, ka shirya mana maganar kuza ranar Asabar. Injiniya da Maryam, ku riƙe taku sai mako na sama, mu ɗauki Hamburg ita kaɗai.